Limamin Inna

Shekarar da Inna ta fara mantuwa ni ce tare da ita a gida. Mijina ya rasu, na gama takaba, na kwaso 'ya'yana mata biyu na dawo gidanmu da ke unguwar Dogo Tebo, na ci gaba da koyarwa a wata firamare da ke kusa. Babanmu, wanda dillalin shanu ne a kara, ya riga ya daɗe da rasuwa. Mu uku ne muka rayu a cikin 'ya'yan Inna: Yaya, da ke aikin gwamnati a Damaturu, sai ni, sai Auta, wanda na girme wa da shekara goma sha ɗaya.

Inna Bakarekariya ce, daga wani ƙauye da ke gaba da Nangere. A gari ta koyi Hausa bayan aure, kuma har ta tsufa tana ce wa mace "ya zo", mu yi ta dariya, ita ma ta taya mu. Ba ta taɓa zama a gaban malami ba. 'Yan gajerun surorin da ta sani a bakinmu ta ɗauke su, idan mun dawo daga makarantar allo tana matsar man gyaɗa, ta ce mu maimaita mata, mu maimaita har mu gaji. Ba mai yawan wa'azi ba ce. Abin da na sani kawai, ko ƙuli-ƙuli na kan wuta, da ladan ya ɗaga murya za ta janye itacen ta ɗauki buta. Mai saye ya tsaya ya jira ko ya tafi, duk ɗaya ne a wurinta.

Auta ne damuwarta. Acaɓa yake yi tun yana saurayi, da aka hana hawan babur a shekarun tashin hankali sai ya zauna babu aiki, a nan ya koyi shan maganin tari da ƙwaya. Daga baya wani ya ba shi keke mai ƙafa uku yana ja, amma shaye-shayen bai bar shi ba. Salla kuwa ya ajiye ta gaba ɗaya. Akwai ranar da Yaya ya zo daga Damaturu ya same shi kwance a zaure yana dalalar da miyau, ya shigo cikin gida ransa a ɓace.

"Inna, ki kore shi. Idan ba za ki iya ba, ki ɗaga masa nono kowa ya huta."

Inna tana tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban haife shi don in tsine masa ba. Kai ma da kake salla, ba da ƙarfinka kake yi ba."

Kullum sai ta zuba masa abincinsa a kwano ta rufe, ya zo ko bai zo ba.

Ciwon ya fara da abin da ba wanda zai kula. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta ajiye makullin ɗaki a cikin tulu. Sai wata rana da hantsi ta tambaye ni ko Babanmu ya dawo daga kara, ta ce yau Laraba ce, ya kamata a ɗora masa ruwan wanka. Na ce, "Inna, Baba ai ya rasu." Ta dube ni kamar yanzu aka kawo mata labarin, ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin na ranar farko. Bayan kwana uku ta sake tambaya. Daga nan na daina faɗa mata, sai in ce yana hanya.

Na kai ta asibiti. Likitan ya yi mata 'yan tambayoyi, wace shekara muke ciki, 'ya'yanta nawa, ta ce bakwai, domin ta haɗa da waɗanda suka mutu suna jarirai. Ya ce ciwon mantuwa ne na tsufa, ba ya warkewa, sai dai ya yi ta gaba. Maƙwabta ba su yarda ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce jifa aka yi mata. Yaya ya turo wani mai ruƙiyya, ya zo ya yi ta ɗaga murya a kanta yana tofa mata ruwa, ita kuwa ta maƙale a lungun gado tana karkarwa. Da ya ce zai dawo washegari na ce masa ya bari.

Duk abin da ya zube mata, ba wanda ya ƙona mata rai kamar salla. Lokaci ba ya wuce ta, ko ba ta ji kiran ba jikinta ya sani. Za ta yi alwala daidai, ta fuskanci gabas, ta kabbara. Daga nan sai lissafi ya kwance. Ta yi raka'a shida, ko ta yi sujada ta kasa tuna abin da ke biye, ta zauna a kan dadduma tana juya tafin hannunta. Wani lokaci ta sallame ta sake tashi, ta sake, har ƙafafunta su kumbura. Idan na ce ta riga ta yi, sai ta ce ƙarya nake yi, so nake ta mutu da salla a kanta.

Na je wurin limamin unguwarmu, dattijo ne da ya san Babanmu. Na durƙusa daga bakin zaure na faɗa masa halin da ake ciki.

Ya ce, "Wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Babu komai a kanta. Ki kwantar mata da hankali."

Na dawo da murnata na ce, "Inna, Malam ya ce an yafe miki salla, ki huta."

Ta ce, "Na mutu ne?"

Na gwada tsayawa kusa da ita in riƙa yi tana bi. Ta ture ni, ta ce yaushe mace ta fara jan salla. A lokacin ma ta fara daina gane ni. Wata rana ni ƙanwarta ce, wata rana wata baƙuwa ce da ta shigo gidan don ta sace mata zannuwa. Sannan Hausa ta fara guduwa daga bakinta. Kalma ɗaya ɗaya ta riƙa komawa yaren Karekare, har ya zamana yini guda ba ta yi Hausa ba. Mu kuwa a gari muka tashi, ba a koya mana ba. Ni ina tsintar kaɗan, saboda na yi hutu a ƙauye ina yarinya. Auta ko gaisuwa bai iya ba. Haka na zauna da uwata a gida ɗaya, tana yi mini magana da idanunta cike da roƙo, ina gane rabi ina cikasa rabi da zato.

Wata rana da la'asar Auta ya shigo cin abinci. Ya ajiye keken a ƙofar gida, idanunsa jajur, yana tafiya yana jan ƙafa. Inna tana zaune a kan dadduma tun ɗazu, ta kasa farawa. Da ta gan shi sai fuskarta ta washe, ta miƙe da sauri irin wanda na daɗe ban gani ba, ta ɗauko buta ta durƙusa ta ajiye a gabansa. Ta yi masa magana a hankali, kanta a sunkuye.

Ya dube ni. "Anti, me take cewa?"

Na ce, "Babanta take kiran ka. Cewa take ka yi alwala, rana na tafiya, suna jiran ka."

Kakanmu, mahaifin Inna, shi yake jan iyalinsa salla a gona. Ban taɓa ganin sa ba, amma an ce dogo ne siriri kamar Auta.

Auta ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. Ya ce, "Ni? Na fi shekara huɗu goshina bai taɓa ƙasa ba."

"Ka tsaya kawai a gabanta, ka duƙa ka tashi sau huɗu. Ba za ta gane ba."

Ya daɗe yana kallon butar. Sannan ya ce, "Na sha abu, Anti. Jikina ma ba tsarki. Ba zan yi mata ƙarya a kan dadduma ba."

Ya juya ya fita, ko abincin bai taɓa ba. Inna ta tsaya a tsakar gida tana kallon zaure, ta ƙi zama, har rana ta yi ja. Na zage shi a raina zagin da ban taɓa yi wa kowa ba.

Washegari, ana gab da kiran azahar, sai ga shi. Ya yi wanka, ya sa wata tsohuwar jallabiyar Babanmu da ta tsaya masa a ƙwauri. Gumi na keto masa, domin tun safe bai sha ƙwaya ko maganin tari ba. Ya yi alwala, ya shimfiɗa buhu a gaban daddumar Inna, ya tsaya. Ita kuwa ta gyara mayafinta ta tsaya a bayansa kamar abin da suka saba yi shekara da shekaru. Na tsaya daga ƙofar kicin ina kallo. Ya kabbara ta kabbara. Ya yi ruku'u ta bi. Raka'a huɗu cif, ya sallame ta sallame, ta ɗaga hannu ta yi addu'arta, ta shafa, ta naɗe dadduma. Ba ta sake tashi ba sai la'asar. Ranar ta ci abinci sosai.

Da ya zo fita ya tsaya kusa da ni, murya ƙasa ƙasa ya ce, "Tahiya ta ɓace mini. Ki rubuta mini a takarda."

Haka aka fara, kuma haka aka yi wajen shekara ɗaya da rabi. Ba zan ce Auta ya shiryu a ranar ba, don bai shiryu ba. Abin da ya yi shi ne ya matsar da shaye-shayensa zuwa bayan lisha, saboda ya tsaya a gabanta da hankalinsa. Asuba takan ba shi wuya, sai 'yata babba ta yi ta buga masa ƙofa. Da rana kuwa ko fasinja ya ɗauko zuwa unguwar Dogo Nini, yana sauke shi zai juyo gida. Abokan aikinsa suka sa masa suna limamin tsohuwa. Ya koyi jinkirta ruku'u da sujada har sai ya ji ƙarar gwiwoyinta sun sauka. Ya koyi ɗaga murya a kabbara, don kunnenta ya yi nauyi. Idan sun idar takan yi masa doguwar magana da yarensu, tana ba shi labarin gero da awaki, shi kuma ya yi ta gyaɗa kai yana cewa to. Sau ɗaya na ga ya fita zaure bayan irin wannan hirar ya haɗa kai da bango.

Yaya ya zo wani ƙarshen mako ya tarar da su a haka. Ya tsaya turus, ya ja ni gefe.

"Wannan ne zai ja mahaifiyarmu salla? Mashayi?"

Na ce, "Gwada kai."

Da la'asar ya gwada. Inna ta leƙa fuskarsa, ta koma gefe ta zauna, ta ce da yarensu ba ta san wannan mutumin ba. Yaya ya ƙarasa sallarsa shi kaɗai. Da Auta ya shigo ta miƙe. Yaya ya koma zaure. Bai sake ɗaga maganar ba, kuma daga ranar ya daina kiran Auta da sunayen da yake kiran sa.

Akwai ranakun da Auta bai zo ba. Ba su da yawa, amma kowace ɗaya na tuna ta. A ɗaya daga ciki, ina makaranta, yaran ma suna makaranta, maƙwabciyar da na bar wa amanarta ta shiga gida sauke tukunya, Inna ta fita neman babanta. Muka karaɗe unguwa har bayan la'asar. Wata Bafulatana mai tallar nono ce ta kawo ta, ta ce a bakin kara ta gan ta, ba takalmi, tana tsaye a tsakanin manyan motocin da ake loda wa shanu, tana tambayar direbobi da yaren da ba su ji. Tafin ƙafarta duk ya yayyanke.

Daga ranar na sayi kwaɗo. Idan zan fita sai in kulle ta a ɗaki, in bar mata ruwa da fo. Ina tafiya ina jin tana buga ƙofar, tun ina kuka a hanya har na daina.

Abin da zan faɗa yanzu na daɗe ina ɓoye shi. Wata rana a cikin zafin bazara na dawo daga makaranta na buɗe ɗakin, na tarar ta ɓata jikinta, ta shafa a bango, ta shafa a katifa. Kwana biyu ba mu samu ruwan famfo ba, jarka ɗaya ta rage a gidan. Na kama hannunta zan kai ta banɗaki, ta ɗauka zan yi mata sata ne, ta ɗauki buta ta kwaɗa mini a ido. Ban san lokacin da na hankaɗa ta ba. Ta tafi da baya ta faɗi a kan dokin ƙofa, ƙugunta ya bugu. Na ji ƙarar.

Na tsaya a kanta ina haki. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ga jini a gefen idona, sai ta yi magana da Hausa, karo na farko cikin watanni.

"Sannu, baiwar Allah, kin gaji. Ina uwarki, ba za ta zo ta taya ki ba?"

Na ce wa kowa santsi ne ya kwashe ta. A asibiti aka ce ƙashin ya tsage, kuma a shekarunta ba lallai ya haɗe ba. Bai haɗe ba. Inna ba ta sake tsayawa da ƙafafunta ba.

Auta ya mayar da buhunsa cikin ɗaki, gefen gadonta. Da farko mukan jingina ta da filo ta bi shi a zaune, tana sunkuyar da kai. Da abin ya yi nisa sai a kwance, yatsanta kawai ke motsi. Ta daina magana da kowane yare. Bayanta ya yi gyambo duk da juya ta da muke yi, ɗakin ya ɗauki wari da turare ba ya kashewa. Abinci sai kunu da cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Amma idan Auta ya kabbara, leɓɓanta sukan motsa. Na sha kai kunnena kusa don in ji ko Fatiha ce, ban taɓa jin komai ba sai iska. Ban sani ba ko tana karantawa ne, ko bakin ne kawai ya saba.

Ta rasu da hantsi, a farkon damina, ina goge mata fuska da tsumma. Auta yana kan hanya da fasinja. Da aka kira shi ya iso, ya tsaya a ƙofar ɗakin bai shiga ba, ya tambaye ni ƙarfe nawa ta cika. Na faɗa masa. Ya ce, "Ta samu asuba ke nan." Shi da Yaya suka shiga kabarin suka karɓe ta.

Bayan addu'ar bakwai Auta ya ɓace. Wata biyu ba mu gan shi ba sai labari, an gan shi a bayan tasha, an gan shi kwance a rumfar wani mai faci. Mai keken ya karɓe abinsa. Na ɗauka Yaya zai ce dama ya faɗa, amma sai ya ɗauki hutu ya zo da kansa, ya bi lungu lungu har ya samo shi, ya sa shi a mota ya kawo shi gida. Ya yi masa wanka da hannunsa a tsakar gida, Auta yana zaune a kan turmi kamar ƙaramin yaro, ƙasusuwan bayansa duk a waje. Da wasu dangi suka kawo shawarar a sayar da gidan a raba, Yaya ya ce ba yanzu ba, yaron nan ba shi da inda zai je.

Yau shekara uku ke nan. Auta yana dako a kasuwar hatsi. Yakan yi wata huɗu ko biyar lafiya, sannan ya faɗi, sannan ya tashi. Ba ni da tabbacin yadda zai ƙare. Salla dai bai sake ajiye ta ba, ko ya sha abu sai ya jira ya wartsake ya rama. Ni kuma kullum ina zuba masa abinci in rufe, kuma ba kullum nake yi da daɗin rai ba.

A azumin bara na kasa riƙe abin da ke cikina. Muna zaune a tsakar gida da yamma, ana jiran shan ruwa, yara suna kicin, na ce, "Auta, faɗuwar da Inna ta yi, ba santsi ba ne. Ni na ture ta."

Bai juyo ba. Ya ce, "Na sani. Na ga idonki ranar, kuma ƙasan ɗakin a bushe yake."

"Ba ka ce komai ba."

"Me zan ce? Ranar da ta fita har kara, ina kwance a bayan tasha ban san inda kaina yake ba. Da na zo azahar da ba ta fita ba, da ba ki sayi kwaɗon ba."

Na tambaye shi ko yana ganin ta yafe mini, ya ce shi bai sani ba, ba malami ba ne, amma yana sa ni a addu'a, ni ma in riƙa sa shi. Aka kira magariba, ya sha ruwa ya ɗauki dabino biyu ya fita masallaci. Yaya har yanzu ban faɗa masa ba. Na ɗauki waya sau da yawa, sai mu gaisa, in tambayi yara, in ajiye.